Ranar da Aka Daka Shaidarmu a Turmi

Ni Sailuba ban yi boko ba. Allon ma da aka sa ni, a Sabbi na tsaya aka cire ni aka miƙa mini fartanya. Amma shekara arba'in da bakwai ina ajiye irin doya da na riɗi, ko sau ɗaya damina ba ta taɓa samuna a ƙofar wani ina roƙon iri ba. Na fara da wannan ne don duk mai jin labarin Babandi ya san wacece aka kalla aka ce ba ta san ajiya ba.

Babandi jikana ne, ɗan babbar 'yata. Shekararsa talatin da shida, da mata da 'ya'ya uku da tumbi. Ya taɓa yin wata huɗu a wani shagon gyaran waya a Abuja yana miƙa wa masu gyara sukundireba, ya dawo ya sa aka rubuta masa Injiniya a bayan babur. Gida ɗaya muke a unguwar Azuba cikin Lafia. Uwargida yake ce mini kamar yadda jikoki suke yi, ni kuma ranar da raina yake da daɗi na kan ce masa maigida.

Gonarmu tana ƙauyen Arikya. A kan iyakarmu da gonar Dooshima, wata 'yar Tibi sa'ata wadda ita ma mijinta ya rasu, akwai wata tsohuwar ɗorawa. Da kalwarta nake daddawar da duk mai miya a layinmu ya san ƙamshinta. Bayan rasuwar mijina Malam, 'ya'yan Dooshima suka riƙa matso da kunyoyin doyarsu, bana biyu, baɗi uku, har suka zagaye bishiyar. Da na yi magana ta ce ai tun fil azal tata ce. Muka kai wa mai anguwar Arikya, ya sa mana rana bayan mako shida.

Ban damu ba, don ina da shaida. Shekara guda kafin Malam ya rasu, ƙaramar 'yata Juwairiya ta bi shi da waya tana ɗaukarsa yana zaga iyakar gonar, yana faɗin kowane dutse da kowane kututture. Da suka iso ɗorawar ya dafa ta ya ce tamu ce, Dooshima tana tsaye da fartanya a kafaɗa ta ce haka ne. Fuskarta da muryarta duk sun fito. Bidiyon ya kai minti arba'in, ya fi ƙarfin a tura wa kowa ta was'af, shi ya sa a wayar Juwairiya kaɗai yake.

Ana cikin haka Babandi ya shigo da wani akwatin ƙarfe baƙi, girmansa bai fi burodi babba ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya aika aka kira maƙwabta, ya buɗe shi a tsakar gida. A ciki akwai wasu ƙarafa biyu masu kama da sabulun wanki, kowanne a ɗakinsa, kowanne da 'yar fitilarsa koriya. Ya ce sunansu had-diraib, kuma duk abin da aka zuba wa ɗaya, nan take ɗayan zai kwafe. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa yana nan da komai. Ya ce a duk jihar Nasarawa mutum uku ne suke da irinsa, sauran biyun kuma ba su iya aiki da shi ba.

Na tambaye shi inda zai ajiye na biyun. Ya ce ai a cikin akwatin suke zama tare.

Na ce, "Wato rumbu biyu ka gina, ka ɗora musu jinka ɗaya. In wuta ta kama fa?"

"Uwargida, wannan ba doya ba ce. Ki bar wa masu ilimi."

Aka yi dariya, har da waɗanda nake ba daddawa kyauta.

Cikin kwana uku ya tattara wayoyin layinmu kaf. Hotunan biki, na suna, karatun yara na saukar Alƙur'ani, da hotunan ɗinkin Afra'u tela maƙwabciyarmu, waɗanda take nuna wa masu kawo mata atamfa su zaɓi irin wuyan da suke so. Duk ya juye su ta laftof ɗinsa zuwa cikin akwatin. Daga nan sai ya goge wayoyin tas, wai don su huta su yi gudu. Juwairiya ta so ta hana a goge nata. Ya ce mata barin abu a waya bayan an sa shi a bakof, wato akwatin nan nasa, ƙauyanci ne, kamar mutum ya sayi firij ya ci gaba da rataye nama a igiya. Ita kuma malamar makaranta ce, ba ta son a ce mata baƙauya a gaban mutane, ta miƙa masa. Ina Arikya ranar. Da na dawo na ji, sai da na yi kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba.

Akwatin yana da 'yar fanka a bayansa mai ƙugi kamar sauro. Babandi ya ce ta wannan ramin ne tururuwa za su shiga su cinye hotunan mutane. Ya ɗauko bargon auren matarsa Zuhra, mai kaurin nan da ba a taɓa rufa da shi ba saboda zafin Lafia, ya naɗe akwatin ruf, ya tura shi cikin kabad ɗin kwanuka, ya fito da wayar wuta ta baya, ya kulle. Wannan fa a tsakiyar bazara, lokacin da ko kare ba ya yarda ya kwanta a siminti. Zuhra ta ce in ta buɗe kabad ɗin ɗaukar faranti sai ta sa tsumma. Kazarmu ta gano wurin, ta riƙa hawa saman kabad ɗin tana lumshe ido, har ƙwai biyu ta saka a can.

Na ce masa ko doya aka rufe haka ruɓewa take yi. Ya ce na sake kawo doya.

A mako na biyu akwatin ya fara kuka. Tsit, tsit, tsit, ba tsayawa, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Sai da yaran gida suka duba ƙarƙashin kowane gado kafin aka gane daga kabad ne. Da aka warware bargon, fitilar ɗaya daga cikin ƙarafan ta koma ja wur.

Zuhra ta ce ko a nuna wa masu gyara na bakin kasuwa. Ya ce waɗannan yaran shi ya kamata su zo wurinsa koyo. Ya yi mana bayani cewa ja alamar girma ce: wannan shi ne babban wa, ya gama haddace komai, ya ƙoshi, shi ya sa ya sanya jar hula yake sanar da mutane. Koren kuwa ƙane ne, har yanzu yana biye. Don ya tabbatar mana, ya jona laftof ya buɗe hoton bikin wata, hoton kuwa ya fito. Ya juyo ya kalle ni yana jiran in ba shi haƙuri.

Na ce ni dai duk dabbar da na ji tana irin wannan kuka a garke, ba ƙoshi ne ya sa ta ba.

Kukan ya hana gidan sakat. Ya tauna cingam ya toshe ramin da sautin yake fita, ya liƙe fitilun biyu da baƙin salatif, ya mayar da bargon. Kukan ya koma can ƙasa-ƙasa, kamar mai ciwon haƙori a ɗakin maƙwabta.

Su kuwa mutanen layi sun fara gane abin da suka yi wa kansu. Mace ta yi baƙi tana so ta nuna musu hoton jikanta, sai ta ɗauko mayafi ta zo gidanmu. Babandi ya rubuta a kwali ya manna a ƙofa cewa ganin hoto daga la'asar ne zuwa magariba, ban da Juma'a. In an zo babu wuta, a koma. In akwai wuta shi ba ya nan, a jira. Afra'u ta riƙa jawo masu ɗinkinta har falonmu, su tsaya a bayan Babandi suna leƙen wuyan riga ta kafaɗarsa, shi kuma yana ba su shawarar wanda zai fi dacewa da jikinsu. Wata ta ce masa ba shi ta kawo wa ɗinki ba. Afra'u ta ce da ta san haka ne da ta bar wayarta tana tafiyar hawainiyarta, ai ba tsere za ta shiga da ita ba.

Ana saura kwana uku zaman Arikya na ce ya mayar wa Juwairiya bidiyon a wayarta, mu tafi da shi a jaka kamar mutane. Ya ce Allah ya kiyaye a nuna kakansa a abin da bai fi tafin hannu ba. A talabijin za a nuna shi, kowa ya gani, Dooshima ta ga kanta ƙatuwa.

Ranar zaman muka ɗauki keke napep biyu. Ni da Juwairiya a ɗaya, Babandi a ɗayan da talabijin da janareta da jarkar fetur, akwatin kuma a kan cinyarsa cikin bargo kamar jaririn da za a kai rigakafi. Ya sa kwat da baƙin tabarau. Mun isa da hantsi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai anguwa, dattawa sun zauna, Dooshima da 'ya'yanta suna gefe guda. Babandi ya jera kayansa a kan tebur, ya laluba aljihu, ya laluba jaka, ya zazzage bargon. Wayar wutar akwatin tana Azuba, a bayan kabad.

Ya hau okada ya koma. Muka zauna. Aka yi azahar. Matan gidan mai anguwa suka ga baƙi sun wuni, suka ɗora doya, suka jawo turmi bakin zaure. Dooshima ta aiko mini da gyaɗa a leda, ta ce in riƙa taunawa kafin shaidata ta iso daga birni. Na ci, don ba gyaɗar ce ta yi mini laifi ba.

Sai wajen la'asar ya dawo, kwat ɗin ya jiƙe sharkaf. Janareta ta ƙi tashi sai da ɗan Dooshima na fari ya tausaya ya ja masa igiyar. Aka jona komai. Talabijin ya yi haske.

Sai ga Malam.

Yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta gona, da sandarsa, yana gyara hula yana tambayar Juwairiya ko abin ya fara ɗauka. Wani dattijo ya ce Allah ya jiƙan maza. Malam ya yi bismilla ya fara tafiya daga dutsen gabas, yana nuna wa da sanda. Na saci kallon Dooshima, na ga ta daina taunar gyaɗa. Daga dutsen nan zuwa ɗorawa tafiyar minti goma ce a ƙafar tsoho.

Da Babandi ya yi shiru na minti goma, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Amma ya ga idon mutane ya koma kan talabijin, ba wanda yake kallonsa. Ya fara zagaya tebur yana shafa akwatin yana gaya wa na kusa da shi cewa wannan da suke gani ko bam aka sa masa ba abin da zai ɓace. Dooshima ta ji. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, wannan ɗan ƙaramin abu, ruwa ɗaya ya taɓa shi ya gama.

Babandi ya danna laftof, Malam ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama.

Ya ce wa mai anguwa, ransa ya daɗe, an taɓa mutuncin sana'arsa a gaban jama'a, kuma ba zai ci gaba ba sai ya wanke kansa. Zai ciro ɗaya daga cikin ƙarafan nan biyu a farfasa shi a idon kowa, sannan bidiyo ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Mai anguwa ya ce ba sai an yi haka ba, a bari a gama kallo. Matasan da suka taru a baya suka ce a yi, a yi. Babandi ya ji ana kiran Injiniya daga bayan taro, shi ke nan kunnensa ya toshe.

Na ɗaga murya daga tabarmar mata na ce, "Babandi, ka saki tsohon nan ya ƙarasa tafiyarsa."

"Uwargida, zauna ki sha kallo. Yau za ki san wa kika aura."

Na yunƙura zan tashi. Gwiwoyina sai an lallashe su, ga shi na wuni a zaune. Kafin in miƙe ya ɓare salatif ɗin, ga ja ga kore. Ya yi wa jama'a bayanin babban wa mai jar hula wanda ya haddace komai, ya ce shi ba a taɓa shi. Ya zare koren, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya taka har bakin zaure inda mata suka kwashe sakwara yanzun nan, ya jefa shi cikin turmi. Ya ɗauki taɓarya. Sai kuma wata dabara ta zo masa, ya juyo ya miƙa wa Dooshima, wai mai shakka ita ya kamata ta gwada da hannunta.

Dooshima ta tashi a hankali ta gyara ɗaurin zaninta. Ta karɓi taɓaryar ta auna nauyinta. Ba ta yi gaggawa ba.

"Mai anguwa, ka ji da kunnenka. Shi ya ce in daka."

"Ni na ce," in ji Babandi.

"Injiniya, ka tabbata? In na fara ba na tsayawa."

"Mama, daka kamar doyar Sallah."

Matar nan shekara sittin tana daka wa gidan mutum ashirin sakwara. Bugu na farko ƙarfen ya lotsa. Na biyu wani abu ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon miya. Na isa wurin a bugu na shida, lokacin abin da ke cikin turmin ya koma kamar gwangwanin da mota ta taka. Matasa suna tafi.

Babandi ya koma tebur yana murmushi, ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan laftof.

Malam bai motsa ba. Ƙafarsa tana sama. Can sai hoton ya ɗauke, wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar talabijin. Juwairiya ta karanta, ta dafe kai, ta zauna a ƙasa ba tabarma.

Babandi ya ce netwok ne. Ɗan Dooshima ya ce ai shi da bakinsa ya ce abin ba ya buƙatar netwok. Ya ce to janareta ce ba ta ba da wuta sosai. Aka ƙara mata wuta har fitilar zaure ta ƙone. Ya zare mai jar hular ya hura masa iska, ya goge shi da gefen kwat, ya mayar. Ya canza masa ɗaki. Ya kara akwatin a kunne ya girgiza. Cingam ɗin ya faɗo, akwatin ya ci gaba da kukansa a fili, tsit, tsit, tsit, a gaban dattawan Arikya. Daga ƙarshe ya je ya leƙa turmin, ya tsamo abin da ya rage, ya tambayi matan gidan ko akwai mai filaya.

Wani tsoho ya tambaya ko babban wan ne ya yi fushi don an kashe masa ƙane.

Mai anguwa ya bari dariya ta lafa. Ya ce shi ya ga marigayi, ya ji muryarsa, Allah ya jiƙansa, amma bai ga ya iso ɗorawa ba. Ya tambayi Dooshima ko ta tuna ta taɓa cewa bishiyar tamu ce. Ta ce ita tsohuwa ce, abin da ta ci jiya ma ba ta tuna ba. Ya tambaye ni ko ina da wata shaidar. Na ce shaidata tana cikin turminsa. Ya ce to abin da ido yake gani shi ne kunyoyin Dooshima sun kewaye bishiyar shekara uku, don haka ɗorawa tata ce.

Washegari Zuhra ta ɗauki mai jar hular a ɓoye ta kai wa masu gyaran bakin kasuwa. Suka ce wannan ya fi wata guda da mutuwa, zafi ne ya dafa shi, kuma jar fitila da kukan duk roƙo yake a canza shi. Koren shi kaɗai yake ɗauke da komai tun lokacin. Kafin azahar labari ya zaga layi. Mata suka cika tsakar gidanmu, mai neman bikinta, mai neman sunan ɗanta, Afra'u da almakashi a hannu tana cewa ita ba abin da za ta yi da shi, mantawa ta yi ba ta ajiye ba. Babandi ya kulle kansa a bayi, yana ba da amsa ta saman katanga cewa laifin kamfanin ne da ba su rubuta ma'anar ja da Hausa ba.

Bishiya dai ta tafi. Muryar Malam kuma, da nake sa Juwairiya ta kunna mini duk ranar da ta zo, ita ma ta tafi, kuma wannan ba a kai wa mai anguwa.

Bayan mako biyu Dooshima ta zo Lafia sayar da doya, ta biyo ta gidanmu. Na ba ta ruwa da tabarma. Ta ce ba ta so a ce daddawar Sailuba ta ɓace daga Azuba a dalilinta, don ita ma da ita take miya. Duk shekara in ɗorawa ta nuna, a raba kalwar uku in ɗauki kashi ɗaya, da sharaɗin mai hawa ya kaɗo daga gidana zai fito, tunda 'ya'yanta suna tsoron reshen sama. Na ce ina da mai hawa, har kwat gare shi. Babandi yana ɗaki yana jinmu, ya leƙo ya ce shi likita ya hana shi hawa sama. Na ce ya shirya ranar Asabar.

Na rako ta har bakin titi. Muna jiran keke, ba kowa kusa, na ce mata tsakaninta da Allah, da gaske ba ta tuna ranar da Malam ya dafa bishiyar nan ba?

Ta gyara kwandonta a ka. Ta ce, "Na tuna, Sailuba. Har rigar da ya sa na tuna, tun kafin in gan ta a talabijin. Ina zaune a ƙofar mai anguwa ina shirya yadda zan ba ki haƙuri. Sai jikanki ya miƙo mini taɓarya."